Tukunya huɗu a wata: yadda aka gano inda gas yake tafiya a wani gida a Sakkwato

Gidan kafin Nuwamba 2023

Gidan yana wajen Arkilla, a birnin Sakkwato, ginin farkon shekarun 1980 mai ɗakuna huɗu da banɗaki biyu. Maigidan akanta ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Uwargidan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa na san cikin gidan, shi ya sa kuma ba zan kama suna ba. Ni sana'ata haɗa wutar sola da gyaran kayan gas. Mutum takwas ke kwana a gidan a lokacin, har da wata yarinya da aka kawo daga wajen Gwadabawa tana taya aikin kicin.

Sa'ad da Alhaji ya sayi gidan a 2011, ya tarar da hitar ruwa mai aiki da gas a kafe jikin bango, a ɗan lungun da ke tsakanin banɗakan biyu. Irin wadda ba ta tara ruwa ce: a buɗe famfo, wuta ta tashi a ciki, ruwa ya bi ta wani murɗaɗɗen bututun tagulla ya fito da ɗumi. A ƙasanta akwai 'yar wuta ƙarama da ake fara kunnawa, ita ke kama wa babbar wutar. A gidan "'yar fitila" suke ce mata, ni ma haka zan kira ta.

Tukunyar gas tana zaune a keji a bayan kicin, a waje. Daga regileta, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunya don daidaita ƙarfin fitar gas, tiyo ya haɗe da bututun tagulla, bututun ya rabu biyu, hannu ɗaya ya shiga kicin, ɗaya ya bi bango mita tara zuwa hita. Tukwane uku gare su masu kilo 12.5, ana jona ɗaya, biyu suna jira. Ruwa daga rijiyar burtsatse yake, ana tura shi tanki a saman ƙarfe. Tuwo da wake da duk wani girki mai daɗewa a gawayi ake yi.

Abin da ya sauƙaƙa wannan rubutu shi ne halin akanta. Alhaji yana da tsohon kundi da yake rubuta ranar da aka cika kowace tukunya da kuɗin da aka biya. Kundin ya nuna cewa daga 2019 zuwa 2023 gidan yana cin kilo 18 zuwa 20 a wata a lokacin zafi da damina, wato tukunya ɗaya da rabi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwana a tanki har ruwan asuba ya riƙa yanka hannu, yakan kai kilo 30. Alhaji da kansa yake kunna hitar bayan sallar asuba, ya kashe ta idan yara sun tafi makaranta. Da Maris ya shigo sai ya rufe ta, sai wata shekara.

Nuwamba 2023 zuwa Afrilu 2024: farkon hawan

Abu biyu suka faru a Nuwamban 2023. Mahaifiyar Alhaji, wadda kowa ke kira Inna, ta dawo gidan da zama saboda ciwon gwiwa da na yatsu. Ruwan sanyi yana tsananta mata ciwon, don haka tana buƙatar ruwan ɗumi na alwala sau biyar a rana, ba na wanka da safe kaɗai ba. A cikin watan ne kuma maɓallin da ke ƙyasta wa 'yar fitila wuta ya mutu. Sai da ashana, mutum ya durƙusa ya danne makunni na rabin minti kafin ta kama, kuma iskar hunturu da ke shigowa ta tagar lungun tana yawan kashe ta. Alhaji yana Kaduna wajen biki a makon. Babban ɗansa ya kira wani mai gyara daga bakin kasuwa, ya yi abin da ya yi, aka biya shi ₦3,000, wutar ta daina mutuwa. Tun daga nan kula da hitar ya koma hannun yaron.

A Disamba aka cika tukunya huɗu. Janairu huɗu. Fabrairu huɗu. Kilo 50 ke nan a wata, a inda aka saba 30.

Babu wanda ya tsaya kan kilo a lokacin, kowa kan kuɗi yake magana. Tun bayan da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin gas yake hawa, ga shi kuma Sakkwato tana nesa da bakin teku, tankoki ne ke ɗauko shi daga kudu tafiyar kilomita kusan dubu. Idan Alhaji ya yi ƙorafi sai a ce masa ai komai ya yi tsada, ga sanyi, ga Inna ta ƙaru. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024, aka yi sallah ranar 10 ga Afrilu. A watan ma tukunya huɗu aka ci, aka ce girkin buɗa-baki da sahur ne, ga kunu da ƙosai na sadaka.

Mayu zuwa Satumba 2024: abubuwan da aka gwada

Mayu ne ya tayar da hankalin Alhaji. Wanda ya san Sakkwato a Afrilu da Mayu ya san zafi yana wuce digiri 40, ruwan tanki da rana sai an tara shi a bokiti ya huce kafin a iya wanka. Babu mai neman ruwan zafi sai Inna da asuba. Duk da haka kundin ya nuna kilo 36.

Zargi na farko ya faɗa kan mai sayar da gas. Alhaji ya ce ba a cika masa tukunya. Ya bar shagon unguwa da ya shekara shida yana saye, ya koma babban wurin cika gas, inda ake ɗora tukunya a sikeli a gaban mai ita. Ya koyi duba nauyin tukunya fanko da aka buga a wuyanta, ya riƙa haɗawa da 12.5 ya ga ko ya yi daidai. Tasa ɗaya 14.2 ce fanko, cike kuma ta ba da 26.7. Mai shagon unguwa ya biyo shi har gida ya ce: "Alhaji, duk tukunyar da munka cika maka, gabanka munka auna ta. In akwai ƙwange ka faɗa mani." Alhaji bai amsa masa ba. A Yuni, da babbar sallah a ciki, aka ci kilo 39. A Yuli 36.

Zargi na biyu ya faɗa kan yarinyar kicin. Aka ce tana barin wuta a kunne tana hira, aka ce tana dafa wa maƙwabta ruwa, har wata baƙuwa ta ce wai a wasu gidaje masu aiki suna juye gas a ƙaramar tukunya su sayar. Yayata ta fara tsayawa a kicin da kanta. Aka saya wa ƙofar kicin kwaɗo, ana kullewa bayan isha. Yarinyar ta rantse, ta yi kuka, ta koma dafa shinkafa ma a gawayi don kada a ce. A ƙarshen Agusta mahaifiyarta ta zo ta tafi da ita. Satumba, ba ta gidan, aka ci kilo 35.

A cikin Satumban ne aka yi gwaji na uku. Wani ya ce tsohon murhun ne ke shan gas. Aka sayi sabo mai kai uku a kan ₦68,000, aka canza regileta da tiyo. Canza tiyon ya dace, domin ya bushe ya fara tsagewa, rana da ƙurar Sakkwato ba sa barin roba ta daɗe. Amma tukunyar da aka jona ranar 22 ga Satumba ta ƙare ranar 2 ga Oktoba. Kwana goma sha ɗaya, kamar wadda ta gabace ta.

A daren ne yayata ta kira ni. Ta ce: "Ƙanena, ka zo ka duba muna. Gas ɗin nan dai ko aljanu ka shan shi."

19 zuwa 27 ga Oktoba 2024: awo

Na je ranar Asabar, 19 ga Oktoba, da sikelin rataye mai nuna giram goma-goma, da ma'aunin zafin ruwa, da bokiti mai lita 20. Ban kwance komai ba a ranar. Na ce wa Alhaji tambaya ɗaya nake son sikeli ya amsa tukuna: shin gas yana tafiya a lokacin da kowa yake barci?

Ƙarfe goma na dare, an kulle kicin, na rataye tukunyar a ƙarfen kejin ba tare da na cire tiyo ba, na rubuta nauyi. Ƙarfe biyar na asuba, kafin Inna ta buɗe famfo, na sake dubawa. Giram 150 sun tafi a awa bakwai. Na maimaita a dare na biyu, ya ba da 140. Idan aka buga, giram 21 ke nan a awa, rabin kilo a kwana, kilo 15 a wata. Alhaji ya ɗauko kundinsa ya cire 19 daga 36, ya yi shiru yana kallon 17.

Dare na uku na rufe bawul, wato abin buɗe ko rufe hanyar gas, na hannun da ke zuwa hita, na bar sauran a buɗe. Da asuba giram 30 kawai suka ragu. Wannan ya raba asarar gida biyu: giram 120 a hannun hita, giram 30 a wani wuri tsakanin tukunya da kicin.

Na fara da ƙaramin. Na kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, na bi kowane mahaɗi da soso. A inda tiyo ya haɗu da bututun tagulla, a bayan keji, kumfar ta fara kumbura a hankali, ƙwaya ɗaya ta girma kamar ƙwallon goriba ta fashe, wata ta taso. Bakin tagullar ya tsage siriri, wanda ya canza tiyo a Satumba ya ɗaure a kan tsagar bai lura ba. Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa, wani sinadari ake zuba masa don hanci ya kama shi, amma a waje, inda iska ke kaɗawa, giram huɗu a awa ba ya taruwa har a ji. Da a ɗaki rufaffe ne da labarin ya sha bamban, domin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Na yanke wurin na sake buɗa bakin na ɗaure. Aikin minti ashirin. Kilo uku a wata ke fita ta nan.

Sai lungun hita. Na durƙusa na leƙa ta ɗan ramin gaba. 'Yar fitila ta lafiya ba ta wuce tsawon farce, shuɗiya, a tsaye. Wannan ta kai tsawon ɗan yatsana, kanta rawaya, tana rawa. Na tambayi babban yaron yaushe rabon da a kashe ta. Ya ce tun ranar da mai gyara ya zo. Kunna ta da ashana wahala ne, Inna kuma tana tashi kafin kiran farko, shi ya sa ya bar ta. Na tambaye shi me mai gyaran ya yi. Ya ce ya kwance wani ɗan ƙarfe mai rami, ya karɓi allura wajen Mama, ya zura ya juya, ya ce yanzu iska ba za ta ƙara kashe ta ba.

Ramin da gas ke fitowa ta cikinsa a irin wannan wuri ya fi bakin allura ƙanƙanta, kuma girmansa shi ke ƙayyade yawan abin da zai wuce. Da aka buɗa shi, sai wutar ta girma, ta daina mutuwa, ta kuma riƙa cin giram 17 a awa. A ido ba komai ba ne. A kwana giram 410 ne, a wata kilo 12 da ɗoriya, tukunya guda cif. Yau da gobe, in ji masu magana, shi ke sa allura ginin rijiya. Alhaji bai taɓa leƙa lungun da dare ba, da rana kuma hasken taga yana ɓoye wutar. Shi a tunaninsa hitar a rufe take tun Maris kamar kullum, Inna kuma a buta ake ɗumama mata.

Ranar 26 ga wata na gwada ita hitar kanta. Na jona mata tukunya daban, na tara bokiti uku, lita 60. Ruwan ya shiga da digiri 27 ya fito da 42. Lissafin ba shi da wuya. Yunit ɗaya na lantarki yana ɗaga zafin lita 860 da digiri ɗaya, kilo ɗaya na gas kuma yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13. Lita 60 sau digiri 15 ya ba da 900, wato yunit ɗaya da ɗan kaɗan, wanda giram 82 na gas ya isa ya bayar da babu asara ko kaɗan. Sikeli ya nuna an ƙona giram 180. Ƙasa da rabin zafin ne ke shiga ruwa.

Da na cire murfin na ga dalili. Fukafukan tagullar da wuta ke bi ta tsakaninsu sun toshe da kunkunniya da ƙurar hunturu ta shekaru. Bangon da ke sama ya yi baƙi. A cikin bututun hayaƙi zanzaro ya yi gini har ya cinye fiye da rabin hanyar. Da na kwance bakin bututun ruwa kuma, sai ga farin ɓawo mai tauri ya naɗe cikinsa, ramin da ya kamata ɗan yatsa ya shiga da kyar fensir zai wuce. Irin ɓawon ne da ke kwance a gindin butar shayin gidan. Ruwan rijiyarsu yana da sinadarin farar ƙasa, kuma ba abin mamaki ba ne a yankin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina. Idan irin wannan ruwa ya yi zafi sai sinadarin ya fita ya manne a ƙarfe, ya zama katanga tsakanin wuta da ruwa.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Wuta mai rawaya da hanyar hayaƙi a toshe alama ce ta gas da ba ya ƙonewa sosai, kuma irin wannan ƙonewa tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kisa a ɗaki rufaffe. Yayata ta ce a hunturun da ya wuce, da suka toshe tagar lungun da kwali saboda ƙura, ita da 'yar autarta sun yi ta fama da ciwon kai da safe, suka ɗauka mura ce. Na cire kwalin a take.

Nuwamba 2024: ƙoƙarin ceto tsohuwar

Alhaji ya so a gyara, ni ma na goyi baya. Na share kunkunniya, na fasa ginin zanzaro, na nemi ɗan ƙarfen 'yar fitila da maɓallin ƙyastawa a kasuwa ban samu na irinta ba. Aka yi doka: a kunna da ashana lokacin buƙata, a kashe bayan an gama. Dokar ta yi kwana tara. Inna ba ta iya durƙusawa, ba ta kuma son tada jika da ƙarfe huɗu da rabi. Ta yi alwala da ruwan sanyi kwana biyu ba ta faɗa wa kowa ba, yatsunta suka kumbura. Yaron ya ji nauyi, ya koma barin wutar a kunne.

Ranar 16 ga Nuwamba na wanke cikin bututun da ruwan tsami, irin hodar tsamin lemo da ake narkawa a ruwan ɗumi, ina zagaya shi da ƙaramin famfo na tsawon awa uku. Ɓawon ya yi ta fitowa fari-fari kamar ɓawon ƙwai. Ruwa ya ƙaru, zafi ya ƙaru, gwajin lita 60 ya sauko zuwa giram 130. Kwana huɗu bayan haka ruwa ya fara ɗiga a kan wutar. Tagullar ta riga ta cinye a wata kwana, ɓawon ne ya toshe ramin, da ya tafi sai ramin ya buɗe. Mai walda ya liƙe, bayan mako wani wuri ya ɓulle. A nan na rufe bawul ɗin na ce ba za a sake kunna ta ba.

Fiye da makonni biyu aka yi ana dafa ruwa a babbar tukunya a kan murhu ana ɗauka zuwa banɗaki. Gas ya ragu idan aka kwatanta da bara, amma ranar 5 ga Disamba ruwan ya fallatsa wa ɗan shekara bakwai a ƙafa. Ƙunar ba ta yi zurfi ba. Ita ce dai ta sa Alhaji ya ce a kawo masa farashi.

Disamba 2024: zaɓi da kafawa

Hanya uku na kai masa. Hitar lantarki mai tara ruwa ita ce mafi arha wajen saye, sai dai tana jan wat 1,500, injin solar gidan ba zai ɗauka ba, wutar layi kuma ba a cika samunta da asuba a unguwarsu ba. Aka ajiye ta.

Ta biyu hitar rana ce mai lita 200, mai bututun gilashi, a ɗora a rufi. Ita na fi so. Rana ba ta yanke wa Sakkwato, kuma ba baƙon abu ba ne a garin, tun 1982 akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke aiki a kan irin waɗannan na'urori. Na faɗa masa aibinta ma: ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatarta, sai an riƙa goge gilashin, ruwansu zai yi mata ɓawo, a Afrilu kuma ruwan zai iya tafasa sai an rufe wani sashe. Farashin da aka ba mu ya haura ₦600,000 da kafawa. Alhaji ya ce kuɗin fansho ba zai kai nan ba a bana.

Ta uku aka ɗauka: sabuwar hitar gas mai lita 10 a minti, wadda ba ta da 'yar fitila sam. Batir biyu manya ke ƙyasta mata wuta idan an buɗe famfo, ta mutu idan an rufe. Na kafa ta ranar Asabar, 14 ga Disamba, a bangon waje, cikin akwatin ƙarfe mai ramukan iska, don hayaƙinta ya tafi sama ba lungu ba. Hakan ya rage bututun gas daga mita tara zuwa uku.

Rana ta farko ta yi aiki. Ta biyu da yamma ta ƙi tashi, sai ƙyas-ƙyas. Irin wannan hita ƙarfin turin ruwa ne ke buɗe mata gas. Gindin tankin gidan mita huɗu yake daga ƙasa, hitar tana kusan mita biyu, tazarar ba ta da yawa. Idan tanki ya cika tana tashi, idan ya yi rabi ba ta ji. Tsohon bututun ƙarfe mai rabin inci da ke saukowa daga tanki shi ma ya cushe da tsatsa. Na canza shi da na roba mai jure zafi, mai kashi uku cikin huɗu na inci, na ƙara ɗan famfon turi mai wat 100 da injin sola ke ɗauka ba wahala. Daga nan ba ta sake ƙi ba. Na saita zafin a digiri 42 zuwa 45, na roƙe su kada su murɗa shi sama, domin yawan zafi shi ke hanzarta ɓawo.

Ga Inna kuwa aka sayi babban filas mai lita uku. Jikarta tana cika shi bayan isha da kuma da hantsi, yana ajiye a gefen gadonta da buta. A duba tukwane kuma na ga ɗaya an buga mata 2006, ta wuce shekara 15 da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙayyade wa tukunyar gas, aka ajiye ta aka sayi sabuwa. Hita da famfo da bututu da akwati da filas sun tashi ₦235,000, ban da tukunyar.

Janairu zuwa Yuni 2025: sakamako

Gwajin lita 60 da digiri 15 a sabuwar hita ya ci giram 100. Awon dare, daga goma zuwa biyar, bai motsa sikeli ba. Kundin Alhaji ya nuna kilo 29 a Janairu, 28 a Fabrairu, 26 a Maris da azumi a ciki, 20 a Afrilu, 19 a Mayu. A farashin ₦1,400 kan kilo da yake saye a lokacin, bambancin Janairun 2024 da na 2025 ya kai ₦29,400, na Mayu da Mayu kuma ₦23,800. Babu wanda ya yi ƙorafin ciwon kai da safe a wannan hunturun. An canza batir sau ɗaya, a Yuni.

Yadda na ga lamarin

Daga cikin kilo 21 da aka rage a watan sanyi, 15 ba aikin sabuwar hita ba ne. Na 'yar fitila ne da tsagar bututu, kuma da an rataye tukunya a sikeli dare ɗaya a Disamban 2023 da an gan su. Daga Nuwamban 2023 zuwa Oktoban 2024 kusan kilo 165 suka tafi ta waɗannan hanyoyi biyu, tukunya goma sha uku. Sabon murhu na ₦68,000 bai rage ko giram ɗaya ba. Ingancin sabuwar hitar kilo shida kawai yake ragewa, a watanni uku na shekara. Amfaninta na gaskiya shi ne ta cire wutar da sai mutum ya tuna ya kashe, ta kuma fitar da hayaƙi daga cikin gida. Don wannan na biyun kaɗai ma ya kamata a cire tsohuwar, ko da ba ta ɗiga ba.

Wanke ta da tsami kuskurena ne. Na'urar da ta haura shekara goma sha uku tana shan irin wannan ruwa ba a taɓa wanke ta ba, ya kamata in faɗa wa Alhaji tun farko cewa ɓawon na iya zama shi ke riƙe da ita. Har yanzu kuma ina ganin hitar rana ce ta dace da gidan, mun bar mata wuri a rufi da bakin bututu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata biyar da aka yi an bar jaki ana dukan taiki. Kundin yana da duk abin da ake buƙata: kilo 36 a Mayu, lokacin da girki bai ƙaru ba, da kilo 35 a Satumba, lokacin da yarinyar ba ta nan. An karanta lambobin ana neman mai laifi a cikin mutane. Alhaji ya koma shagon unguwa da tukunyarsa a Janairu, ya ba mai shagon haƙuri a gaban yaransa. Yayata kuma ta shiga mota zuwa Gwadabawa a watan Fabrairu da turmin atamfa da albashin wata biyu. Ta tarar an sa wa yarinyar ranar aure. Mahaifiyar ta karɓi atamfar, ta mayar da kuɗin, ta ce abin da suke so shi ne a faɗa a gaban dangin da suka ji zargin. Yayata ta kwana a garin, washegari da hantsi aka tara su a tsakar gida ta faɗa.